Kiran Shanu Daga Littafi

Gida goma sha ɗaya ne. Shida a Kebbe da ƙauyukan gefenta, biyar a Fakku. Su ne gidajen da in buƙata ta taso musu, aure ko taki ko asibiti, sai su kwance saniya su miƙa mini igiya, ba shaida ba takarda, in kai ta kara a Tambuwal, abin da na dawo na ce an saya shi ne aka saya. Shekara ashirin da uku na yi ina tara su ɗaya bayan ɗaya. Ban gaji ko guda ba. Mahaifina manomin gero ne, bai taɓa ɗaure abin da ya fi akuya ba, ni kuma da jan igiyar wasu na fara a kara. Dillalin shanu ba shi da shago, ba shi da kaya a rumbu, yardar da aka yi masa ita ce duk jarinsa. Wannan ke nan a gefe ɗaya. A ɗaya gefen kuwa littafin rubutu ne mai shuɗin bango, irin wanda ake saya wa 'yan firamare, da sunayen shanu ɗari da arba'in da biyu a ciki. Aka ce in zaɓa.

Ga yadda aka yi littafin ya shigo aljihuna.

Ina da shekara arba'in da shida dillalai suka sa ni in rubuta takardar koke a kan kwamin shayar da dabbobi da ya fashe a kara, don ni ne na yi sakandare a cikinsu. Na rubuta yadda nake magana, na kai wani ofis. Wani matashin ma'aikaci ya karɓa, ya karanta wa abokan aikinsa da ƙarfi, duk inda ya zo kan "munka" ko "anka" sai ya ja ta yana dariya. Da ya gama ya ce, "Alhaji, wannan ai ba Hausa ba ce. A kai wa wani ya gyara." Na ce masa da ita aka yi mini huɗuba, da ita na binne ubana, to wace ce Hausar? Ya ce ta littafi. Na ce to, zan je in ga littafin.

Ban faɗa don in ba shi amsa ba kawai. Na tono takardar sakandarena daga ƙasan akwati, na sayi fom, na shiga karatun ƙarshen mako a wata kwaleji a Sakkwato, sashen Hausa. Ranar Juma'a bayan masallaci in hau bas, ranar Lahadi da yamma in dawo. A kara suka laƙaba mini Farfesan Ƙaho. In na iso sai wani ya ce, "Ku matsa, ga farfesa nan, kada ku taka mai biro." Ni kuma in ce su matsa ɗin, warin jahilci yana hana ni ganin saniya. A haka muka yi shekara guda.

A shekara ta biyu aka fara mana ilimin ginin kalma. Malamar da ke koya mana shi, da kaɗan ta girmi babbar 'yata. Ranar farko ta rubuta "manomi" a allo, ta ja layi biyu ta raba shi uku kamar mahauci. Ta ce na tsakiyar shi ne saiwa, shi ke ɗauke da noman. Abin da aka liƙa a gaba sunansa ɗafa-goshi, na baya kuma ɗafa-ƙeya. Ta goge ƙeyar ta sa wata, ya zama manomiya, ta sake gogewa, ya zama manoma. Yaran ajin suna ta kwafa, ni kuwa na ajiye biro ina kallo, don wannan aikina ne. Wanda bai san saniya ba dunƙule guda yake ganinta. Dillali kuwa goshi yake fara dubawa, ya dubi tsakiya, ya zagaya baya, ya gaya maka wace ce uwarta, daga wane yanki aka kawo ubanta. Ban taɓa sanin ana yi wa magana haka ba.

Bayan lacca na tsayar da ita na tambaye ta "munka". Ta rubuta ta kusa da "muka", ta yanka kowace, ta nuna mini cewa tamu tana da ƙa'idarta daga farko har ƙarshe, munka, kunka, sunka, anka, ba wadda ta kauce. Ta ce, "Baba, ba karyayya ba ce. An dai zaɓi ɗaya ne don rubutu." Ranar a bas ban yi gyangyaɗi ba har Tambuwal.

Kafin ƙarshen zango ta ba mu aiki. Kowa ya koma cikin sana'ar gidansu ya tattaro kalmomi aƙalla ɗari daga bakin mutane, ban da na littafi, ya nuna yadda aka gina kowace. Wata ta ɗauki ɗaki da madafa, wani ya ɗauki ɗinki. Ni ban yi dogon tunani ba, na ce sunayen shanu.

A wajenmu duk gidan da ke da garke, kowace saniya da sunanta. Amma akwai abu biyu da ba a tambayar mai garke: nawa ne, da kuma me ake kiran waccan. Ko saniyar da aka ba ni in sayar ba a gaya mini sunanta, wanda ya saya shi zai raɗa mata sabo. Tsofaffi suna cewa wanda ya riƙe sunan saniya zai iya tsayawa a bayan shinge ya kira ta ta fito ta bi shi. Na san wannan tun ina jan igiya. Abin da na ɗauka shi ne shekara ashirin da uku sun isa su cire ni daga cikin baƙi. Nan na yi kuskuren lissafi, kuma ni ba mai yawan kuskuren lissafi ba ne.

Na fara da gidan wani dattijo a Fakku, wanda shi ne mutum na farko da ya taɓa miƙa mini igiya tun ba ni da ko keke. Baba nake ce masa, matarsa kuma Inna. Na same shi a gindin wata bedi, wato darbejiya, kusa da garken, na yi masa bayani. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Wato yanzu ilimin boko ya ƙare, sai sunan shanu?"

Na ce, "Baba, can ma sun gaji da nasu, namu sunka zo nema."

Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "To rubuta. Amma in sunka ba ka digiri, rabi na shanu na."

Sau uku na je. Shi yana faɗin suna, Inna da take tatsarsu tana faɗin dalili, suna gardama a tsakani. Ya ce waccan Wake-wake, saboda ɗigon jikinta. Na rubuta, na sa alamar ninki a gefe. Ga Toka-toka, ga Guntuwa mai yankakkiyar wutsiya, ga Marainiya wadda uwarta ta mutu a wajen haihuwa aka shayar da ita da kwalba. Ga Bazamfara, ita kuma da "ba" ɗin da ake sa wa mutumin gari aka yi mata suna. Waɗanda suka fi burge ni su ne na harɗi, inda za a ɗauki aiki da abin da aka yi wa aikin a ɗaure su wuri guda: Cika-ƙwarya, Ƙi-garke, Tsallake-shinge. Baba ya ce Cika-ƙwarya shi ya raɗa mata. Inna ta ce, "Kai da ba ka taɓa riƙa ƙwaryar ba? Sha kaɗai ka sani." Ya ce da ni, "Kada ka rubuta wannan."

Can Inna ta nuna wata ja mai farin goshi ta ce, "Waccan taka ta. Ta-Tambuwal." Na gane ta. Shekara uku kafin nan na saye ta da ciwo a ƙafa, na ɗaure ta a gidana wata huɗu ina wanke ciwon ina ba ta dusa da kanwa, da ta warke Baba ya saya. Na rubuta sunanta na wuce.

Talatin da bakwai na samu a gidan Baba. Da sauran gidaje suka ji shi ya bayar, shida suka bayar, wasu da sakin fuska, wasu don kunyata. Ban ɓoye littafin ba. A kara ma nakan zaro shi in karanta wa dillalai, in nuna musu yadda 'Yar-auta da Ta-bazara suke tafiya a layi ɗaya. Na kai shi aji, malama ta ɗaga shi ta nuna wa ɗalibai, ya zaga hannu-hannu. Da na dawo, da bakina na ba da wannan labarin a Kebbe, ina alfahari.

Bayan kwana goma sha biyu aka kore shanu tara daga garken Baba. Da rana tsaka ne, a bakin fadama, mai kiwon ya je sallah ya dawo ya tarar babu su. Ba wanda ya ji kuka ko gudu. Masu bin sawu suka ce shanun a jere suka tafi, a natse, har inda sawun ya hau tsandauri ya ɓace. Babban ɗan Baba, wanda shi ke riƙe da ragamar gidan tun da ƙafar tsohon ta yi nauyi, ya ce shanun da suka tafi a jere ba kora aka yi musu ba, kiransu aka yi. Kuma kowa ya san wanda ya rubuta sunayensu ya kai birni aka yi ta karantawa.

Ranar kasuwa ina tsaye da bijimin wani gida na Kebbe, har mai saye ya fara zagaya shi, sai ga mai bijimin. Bai yi mini sallama ba. Ya zare igiyar daga hannuna a gaban mutane ya miƙa wa wani dillali. Kafin la'asar wani gidan ya aiko a mayar masa da karsanarsa. Ba wanda ya ce mini farfesa ranar. Washegari saƙon mai garin Fakku ya iso, ana nemana da littafin.

Wani abokina dillali, wanda muka fara jan igiya tare, ya biyo ni gida. Ya ce, "Na ji abin da za su ce maka. Ƙonawa za su ce ka yi. Ka ɗauki hoton kowane shafi da wayarka, ka je ka ƙona musu takarda, kowa shi huta. Kai fa ɗan kasuwa na."

Dabara ce mai kyau, kuma da a kan wani abu ne da ni zan fara kawo ta. Na ce masa ba zan yi ba. Wanda ya ƙona littafi a gaban mai gari ya amsa cewa littafin kayan sata ne. Za a yafe mini da baki, amma har in mutu ni ne dillalin da aka kama da littafi, jikokina ma za a nuna su da shi. Kuma in na ƙona na ɓoye hoto, na zama abin da suke zargi ke nan, mai yi musu fuska biyu. Ya ce, "Taurin kai zai cinye ka." Na ce ya daɗe yana ci, bai gama ba.

A zauren mai gari mutane sun cika har waje. Baba yana zaune a gefe da sandarsa, bai ɗago ya dube ni ba. Na gaida mai gari, na ajiye littafin a kan tabarma. Na ce a kawo Alƙur'ani in rantse ba ni da hannu, ban kuma san mai hannu ba.

Ɗan Baba ya ce, "Rantsuwarka kai ɗaya ta shafa. Waɗanda sunka karanta shi Sakkwato fa? Su ma za ka rantse musu?"

Mai gari mutum ne mai son a rabu lafiya. Ya ce, "Alhaji, ba wanda ya ce kai ɓarawo na. Amma ka yi abin da ba a yi. A kawo wuta a ƙona wanga littafi nan gaban kowa, ka ba Baba haƙuri, magana ta mutu."

Na ce, "Ranka shi daɗe, haƙuri zan ba Baba ko sau ɗari, don na jawo mai magana cikin rashi. Littafi kuwa ba ni ƙona shi."

Zauren ya ɗauki guna-guni. Wani daga baya ya ce boko ya shiga kansa. Mai gari ya ɗaga hannu, ya ce to me nake so a yi.

Na ce, "An ce da wanga littafi aka kira shanu tara. Saura ashirin da takwas suna nan, sunayensu kuma suna ciki. Gobe da hantsi, bayan an yi tatsa, a tsai da ni bayan shinge in kira su ɗaya-ɗaya. In sunka biyo ni, ni da hannuna zan sa mai wuta, kuma ba ni sake taka kara har abada. In ba su biyo ni ba, a bar ni da littafina."

Ɗan Baba ya amsa da sauri, don ya tabbata za su biyo. Mai gari ya dubi Baba. Tsohon ya ce, "A yi."

Sai da na hau babur na kama hanyar Kebbe, ina kauce wa ramuka, sannan na tuna da Ta-Tambuwal. Ba ta cikin taran da aka kora. Na tsaya a gefen hanya na kashe babur. Ina iya komawa in ce a cire ta daga lissafi, amma duk wanda ya ji zai ce na fara ja da baya tun ba a je ko'ina ba. Na tayar da babur na ci gaba.

Da hantsi na tarar da mutane sun fi na jiya, har da mata a bakin danga. An gama tatsa, shanu suna tsaye wasu suna kwance suna tuƙa. Aka nuna mini inda zan tsaya, kamar taku ashirin daga shingen, aka buɗe ƙofar garken. Na buɗe littafi.

Na ce, "Toka-toka." Ko kunne ba ta kaɗa ba. Na ƙara da ƙarfi. Wata can daban ta juya mini baya ta yi kashi. Wani ya ce, "Ga amsa nan, farfesa." Aka yi dariya, dariyar farko da na ji a kwana huɗu. Na kira Guntuwa, na kira Bazamfara. Ɗan Baba ya ce da gangan nake kira kamar mai karanta takardar asibiti, in ja muryar yadda makiyaya ke yi. Na ja. Na kira Tsallake-shinge har sau uku da irin jan da ya ce, tana kwance tana kallon kudan da ke kan hancinta. Wata tsohuwa ta ce, "Wagga da ba a kira ta ma tsallakewa takai, yau ga ƙofa buɗe ta ƙi."

Na kira goma sha takwas, ba wadda ta taka. Na ga sunan da ke biye. Ban tsallake shi ba.

"Ta-Tambuwal."

Gaskiya tun ina kan na goma ta ɗago kai tana kallona. Da na faɗa sai ta taho, ba gaggawa, ta fito ta ƙofar, ta zo ta tura hancinta cikin aljihun rigata inda nakan sa mata kanwa. Ɗan Baba ya ce, "To, kun gani da idonku."

Na ce a mayar da ita. Aka mayar. Na miƙa wa limamin garin littafin na ce, "Malam, ga sunan nan, kai kira ta." Ya kira sau uku da muryarsa ta kiran sallah. Ba ta dube shi ba. Na karɓi littafin na rufe, na ajiye shi a ƙasa, na koma inda nake. Ban faɗi sunan kowa ba. Na ce, "Ke, zo nan." Ta taho.

Na ce, "Wata huɗu tana gidana ina wanke mata ƙafa. Baba ya sani, shi ya saye ta hannuna."

Ɗan Baba ya fara cewa sharaɗi dai sharaɗi ne, sai Inna ta ajiye ƙwaryar da ke hannunta. Ba ta nemi izinin kowa ba. Ta zo ta tsaya kusa da ni, ta yi wani ɗan sauti a maƙogwaro wanda ba suna ba ne, ba kalma ba ce, ba zan iya rubuta shi ba ko malama ta ce in yanka shi. Shanun da ke kwance suka miƙe. Garken gaba ɗaya ya nufo ƙofa har suna ture juna, sai da aka yi saurin rufewa.

Ta ce, "Sunan don mu na, mu gane wadda muke magana. Su murya sunka sani, da hannun da ka ba su dusa." Ta ɗauki ƙwaryarta ta koma ciki.

Na zaci za a yi sowa. Ba a yi ba. Sai da na dubi fuskokin mutane sannan na gane abin da ya faru. In ba da suna aka kira shanu tara ba, kuma a jere suka tafi a natse, to muryar da suka sani suka bi. Jiya ɓarawon yana Sakkwato cikin 'yan boko, yau ya dawo cikin gari, wataƙila yana tsaye a bakin dangar nan. Kowa ya ƙi kallon na kusa da shi. Ban ce wane ne ba, har yau kuma ban sani ba. Mai yiwuwa ma baƙo ne da ya iya sandar kiwo. Amma ni na jawo wannan tunanin ya shigo garin, kuma akwai waɗanda ba su yafe mini shi ba.

Mai gari ya yi maza ya rufe. Ya ce saniya ɗaya ba garke ba ce, Alhaji ya ɗauki littafinsa, kowa ya kama gabansa, a bar wa Allah sauran.

Ina kakkaɓe ƙasa daga bangon littafin Baba ya yafuto ni. Na durƙusa a gabansa. Ya ce, "Taran nan suna ciki?" Na ce suna ciki. Ya ce, "Karanta min."

Na karanta. Cika-ƙwarya. Marainiya. Wake-wake. 'Yar-auta. Ƙi-garke. Har tara. Yana gyaɗa kai a kan kowace kamar ana gaishe shi. Da na gama ya ce, "Bar su nan. Kada ka goge." Bai ce komai a kan igiya ba, ni ma ban tambaya ba, don na san ba a hannunsa take ba yanzu.

A makon na zaga sauran gidaje shida da suka ba ni suna. Ba wanda ya sa ni. Na ce wa kowane mai gida na karɓa ban gaya masa inda zan kai ba, yanzu ga shi ya sani, in bar nasa ko in cire? Huɗu suka ce in bari. Biyu suka ce in cire. Na sa reza na yanke shafukansu a gabansu na damƙa musu a hannu, su yi yadda suka ga dama da abinsu. Wannan ba ƙonawa ba ce. Kayan mutum na mayar masa, yadda nake mayar da saniyar da ba ta samu ciniki ba.

Suna arba'in da takwas suka tafi a cikin shafukan nan. Na kai wa malama aiki da casa'in da huɗu. Ta ƙirga ta ce ba su kai ɗari ba. Na ce na sani. Ta ce in cike da shida daga kaina, ai na san sunayen shanu fiye da kowa. Na ce ta ce daga bakin mutane, waɗannan su ne waɗanda masu su suka yarda. Ta rage mini maki, kuma daidai ta yi. Na ci darasin duk da haka. A shafin farko na aikin na rubuta "sunayen da munka tattara", ta ja layi a ƙarƙashi da jan biro, ba ta gyara ba. Na je ofishin nan da takardar aikin a aljihu don in nuna wa matashin da ya yi mini dariya, aka ce an yi masa canjin wurin aiki tun bara.

Shanu tara ba a gan su ba har yau. Baba ya rasu bayan damina biyu, na je gaisuwa, ɗansa ya amsa mini da kyau, ya kuma ci gaba da ba wani dillali igiyarsa. Gida biyar suka bar ni a shekarar da aka yi satar, uku a Fakku har da na Baba, biyu a Kebbe. Ɗaya ya dawo da kansa bayan an cuce shi a kan wani bijimi, bai ba ni haƙuri ba, ban nema ba. Sababbi ban samu ba, don a yankin an riga an san ni da littafi.

Gida goma sha ɗaya na shiga da su, bakwai na fito da su. Suna ɗari da arba'in da biyu na tara, casa'in da huɗu suka rage, tara daga ciki na shanun da babu su a ko'ina sai a nan. Huɗun da na rasa kuwa har da gidan da ya fara yarda da ni, shi kaɗai ya fi sauran ukun nauyi, kuma ba na yi wa kaina ƙarya a kan haka. Littafin yana cikin akwati, bangonsa da tabon ƙasar garken, ba inda wuta ta taɓa shi.